A Bayan Takardar Kuɗin Wuta

Wata goma sha ɗaya da kwana shida
rabon bakina da kwalba.
Yau da asuba, kafin motoci su fara tari a tuddan Valparaíso,
na juya takardar kuɗin wuta
na soma jera sunaye a bayanta.

Amparo, yayata, ke ce ta fari.
Keken ɗinkinki baƙi, mai zanen zinariya a wuya,
ni na saɓa shi a kafaɗa cikin dare,
na sauko matakala ɗari da sittin da biyu,
na bayar a kuɗin takalmi.
Da gari ya waye na taya ki tsine wa ɓarawo.
Na raka ki wurin 'yan sanda.
Har sabon kwaɗo na saka miki a ƙofa.

Sai Nibaldo na tashar jiragen ruwa,
wanda ya ce shi ya saki igiyar
ranar da hannuna ke kaɗawa kamar ganye.
Aka zaftare masa albashin wata biyu.
Bai taɓa tayar da zancen ba,
shirunsa ne ya fi ci mini rai.

Sai Maite, 'yata, tana shekara tara,
a bakin makaranta cikin ruwan watan Yuli,
har mai gadi ya kashe fitila
ya ba ta rabin burodinsa.

Don Eleuterio, dattijon da ke riƙe da hannuna a taron daren Talata,
ya karanta, ya cire tabarau.
Ya ce, ina mai kantin kwana?
Na ce ai nasa kaɗan ne.
Ya ce, kaɗan a aljihun wa?

Sannan ya miƙo mini biro:
soke duk wani "amma" da ke cikin maganarka.
Na ƙirga, sha huɗu.
Amma ba na cikin hayyacina.
Amma a shekarar aka sallame ni daga aiki.
Amma mahaifiyarmu.
Da na soke su, sai zancen ya kwanta tsirara
kamar kifin da aka feɗe a teburin kasuwa,
ƙaya a fili, ido a buɗe.

Akwai sunan da na rubuta na rufe da yatsa.
Ximena ta yi aure a Quilpué, ta samu barci.
In na buga ƙofarta, kayana zan sauke a kanta
don ni in ji sakayau.
Wannan bashin da nisa zan biya shi.

Mahaifina kuwa yana kwance yana fuskantar teku.
Ba a kai wa kabari ambulan.
Zan je dai in cire ciyawa,
in faɗa masa inda agogonsa ya tafi.

A gwangwanin shayi kuɗin keke ya kai rabi.
Zan kai rabin, ba zan jira ya cika ba,
na san halin jirana.

Ina aske gemu ina gwadawa a madubi:
Ni ne na ɗauka.
Kalma huɗu, amma maƙogwaro ya ƙi buɗe musu hanya.
Ga shi, na sake cewa amma.

Ba rufe ƙofa nake tsoro ba, Amparo,
wannan haƙƙinki ne.
Tsorona ki dube ni ki ce,
ai tun a ranar na sani,
sannan ki ɗora ruwan shayi.

Gobe Asabar.
Na wanke rigata mai ruwan toka,
na tarar maɓalli ɗaya ya tsinke.
Na nemi allura, sau biyar zare na kuskure kafa,
na ɗinke shi a karkace.
Idonki ba ya ƙetare mummunan ɗinki.
Bari ki gani.
Zan hau matakalan ɗaya bayan ɗaya,
ina ƙirgawa.